Abba, Ka Cire Tiyon Nan Daga Bakinka

Assalamu alaikum.

Abba, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da maigidanka. Mu nan Funtuwa lafiya lau, sai ƙafar Innarka da ta motsa da sanyin nan. Saƙonka ya iso, Allah ya yi albarka.

Ba saƙon ne ya sa na zaunar da ƙanwarka rubutun nan ba. Shekaranjiya wani tsohon abokin tuƙina ya zo gaishe ni, ana cikin hira ya ce ya gan ka a Mararrabar Jos, tsugune a gindin tirela, tiyo a bakinka, kana zuƙo gas, wato dizal, daga tanki zuwa jarka. Da dariya ya faɗa, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni ban yi dariya ba. Tun ranar ban ci tuwon kirki ba.

Ban tambaye shi man na waye ba. In maigidanka ne ya sa ka, shi ke nan. In kuwa 'yan bumburutu kake kai wa a bayan idonsa, wannan wata shari'ar ce tsakanina da kai, kuma ka san ni. Amma yau ba ita ce a gabana ba.

Na san za ka ce a wurina ka gani. Ban musa ba. Shekara 22 ina hanyar Legas, na zuƙi gas ya fi a ƙirga, in tofar, in kuskure baki, in hau mota. Mu a lokacinmu babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga illarsa, kuma da wannan wahalar na ciyar da ku. To amma kai ka ga Baffanka ranar da gas ya sarƙe shi. Kana da wayo lokacin, kai ka riƙe masa buta.

Abin da ba ka sani ba shi ne abin da likita ya gaya mini a ƙofar ɗakin, wanda ban taɓa faɗa wa ko Innarka ba. Ya ce man da ya sauka ciki ba shi ne babban abin tsoro ba. Wanda ya sarƙe mutum ya bi hanyar numfashi, shi ne mugun. Ko bai cika cokali ba, yana malala cikin huhu ya ƙona shi, huhun ya kumbura ya kasa ɗaukar iska. Sai ya tambaye ni ko mun sa shi amai. Abba, ni da hannuna na tura masa yatsa a maƙogwaro. Ni na aika a sayo manja da madarar gwangwani muka ɗura masa, don haka muka taso muka ga ana yi. Likitan ya ce aman nan shi ke dawo da man daga ciki ya sake kai shi bakin huhu. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Baffanka ya tashi ya kakkaɓe riga, har yana tsokanar mutane da la'asar. Sai da dare ya raba zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya koma sama-sama. Sauran ka sani.

Saboda haka ka ji da kyau. In tsautsayi ya sa kai ko wani ya haɗiyi gas, ko fetur, ko kananzir, kada a sa shi amai, kada a ba shi manja ko madara. A kai shi asibiti a take, ko da yana cewa garau yake jin kansa, a kuma gaya musu abin da ya sha.

Sauran ƙanana ne a kan wannan, amma tunda na fara bari in ƙarasa. Ka daina wanke baƙin mai da gas. Dubi tafin hannuna yadda ya tsattsage, shi ya cinye maiƙon fatar. Omo da ruwa sun isa. Rigar da ta jiƙe da shi a cire ta, ba a kwana da ita. Kada ka shimfiɗa tabarma kusa da salansa injin na aiki don kana jin sanyi. Ƙanwarka ta ce tun 2012 masu binciken cutar kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo kansar huhu. Ni dai tarin da nake yi da asuba ya ishe ni shaida. Kada ka zuba mai a robar lemo, yara na yawo a tashar nan. Kuma don gas ba ya saurin kamawa kamar fetur, ba shi ne za a kunna sigari a kansa ba, balle na bakin titi da ake cakuɗawa da kananzir. Innarka kuma ta ce ka tuna Majiya ta jihar Jigawa, inda tankar fetur ta ci mutum sama da 150 a 2024: in mota ta faɗi, ka yi nesa da ita.

Wai kai wane irin yaro ne? Na hana ka bin mota, ka tada ƙayar baya, Kawunka ya sa baki na haƙura. Yanzu kuma so kake a kawo mini kai a bayan a-kori-kura? Ɗaya na binne ta wannan hanyar, wallahi ba zan iya na biyu ba.

Ka yi haƙuri da zafin maganata. Na san kana ƙoƙari, kowa ya dawo daga can yabonka yake.

Na sayi famfon hannu, irin mai robar da ake matsawa, da mazurari da safar hannu, na ba wanda zai kawo maka takardar nan. In abokanka sun yi maka dariya, ka ce tsohonka ne ya matsa. Innarka ta haɗo da ƙuli-ƙuli da yaji. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko, da bakinka nake son in ji sun iso.

Allah ya tsare hanya.

Mahaifinka