Wasiƙa daga Kaduna kan aikin jagorar wasan waƙa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Abokina, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali. Ya sanyin can? Mu ma nan Kaduna hunturu ya kankama, ƙura ta ishi kowa. Hajiya tana lafiya, ba na zuwa gaishe ta ba ta tambaye ni labarinka ba.

Ka yi ƙorafin na yi shiru. Wani aiki ne ya ɗauke mini hankali, kuma ina neman hannunka a ciki. Ka tuna wasan waƙar nan da mutum yake riƙe makirfo yana bin baiti a allo, kwamfuta tana auna muryarsa tana ba shi maki? Dangin su UltraStar Deluxe da Performous, irin waɗanda tushensu a buɗe yake, kowa na iya saukewa ya duba ya gyara. To, na ɗauki nauyin sabunta takardunsa guda biyu: ta yadda ake harhaɗa shi daga tushe, wato a mayar da rubutun kod ɗinsa manhajar da za ta yi aiki, da ta yadda ake saita sauti.

Abin da ya tunzura ni shi ne wani yaro daga Tudun Wada cikin waɗanda nake koya wa Linux ranar Asabar. Ya bi takardar layi bayan layi, bai tsallake komai ba, ya ƙarar da datar da ya saya da kuɗin aljihunsa, ƙarshenta allo ya cika da jan rubutu. Ya zo mini a sanyaye yana cewa, "Malam, ina ga kaina ne bai ɗauka ba." Wallahi maganar ta taɓa ni, don kansa lafiya lau yake. Takardar ce ta tsufa. Kamar ka yi wa baƙo kwatance da wata bishiya ne, alhali an daɗe da sare ta. Kuma ban ga laifin kowa ba, 'yan sa-kai ne suke riƙe da wasan bayan sun tashi daga ayyukansu.

Wasan ba shi kaɗai yake tsaye ba. Yana jingine da wasu laburare, wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta: da SDL2 wajen allo da madannai, da FFmpeg wajen buɗe fayilolin waƙa da bidiyo, da PortAudio wajen makirfo da sifika. Waɗannan kuwa ba sa jiran kowa. FFmpeg 5.0 da ya fito a 2022 ya cire tsofaffin hanyoyin da manhajoji da yawa suka saba kira, 7.0 na 2024 ya sake cire wasu. Wanda ya haɗa tsohon kod da sabon FFmpeg zai ga harhaɗawa ta tsaya a tsakiya. Shi ya sa yanzu na rubuta a sama ƙarara: wannan bayani an gwada shi a nau'o'in Linux biyu, Ubuntu 24.04 da Debian 12. Na jera sunayen fakitoci cikakku, masu ƙarewa da -dev, irin su libsdl2-dev da portaudio19-dev da libavcodec-dev, domin sabon shiga bai san cewa samun laburare a kwamfuta daban, samun fayilolin da ake harhaɗawa da su daban ba. Na kuma sa git clone --recursive wajen sauke kod ɗin maimakon clone kawai, saboda in ba haka ba wasu manyan fayil za su sauko babu komai a ciki, CMake, manhajar da ke shirya harhaɗawa, ya yi ta kuka mutum bai san dalili ba.

Akwai abin da mutanen can ba za su taɓa tunawa ba sai irinmu sun faɗa. Tsohuwar takardar ta ce a yi make -j tare da adadin duk ƙwaƙwalen injin, wato a harhaɗa fayiloli da yawa a lokaci guda. A laftof tokumbo mai RAM 4GB, irin wadda yawancin yaranmu suke saye a kasuwa, harhaɗa kod ɗin C++ mai laburaren Boost a ciki zai cinye memori injin ya daskare. Na ƙara layi ɗaya: in RAM ɗinka kaɗan ne, ka yi -j2 ka yi haƙuri. Na kuma ce in an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki kada a share komai, make zai ci gaba daga inda ya tsaya. Ƙa'idata ita ce duk umarnin da zan rubuta sai na gwada shi a inji sabon zubi. Kwamfutar mai rubuta manhaja ba ta zama shaida, don ta riga ta tara komai tun shekaru.

Amma inda aikin yake da gaske shi ne sauti. Takardar tana maganar ALSA da PulseAudio kaɗai cikin tsarukan sauti na Linux, alhali Fedora ta koma sabon tsari mai suna PipeWire tun fitowa ta 34 a 2021, Ubuntu ta bi a 22.10. Sunayen na'urorin da wasan yake nunawa sun canza, mutum ya ga jeri mai tsawo ya rasa wanne ne makirfonsa. Don haka na ce kafin a buɗe wasan ma, a fara da arecord -l a ga ko injin ya gane makirfon, sannan a buɗe pavucontrol a yi magana a ga ko layin yana motsi. In bai motsa a nan ba, kada a wahalar da kai cikin wasan.

Sai makirfo biyu irin na SingStar, wasan waƙa na PlayStation, shuɗi da ja. Mutane suna neman na'ura biyu a jeri, nan kuwa adaftarsu ɗaya ce, sitiriyo, wannan a hagu wancan a dama. In aka saita ta a matsayin tasha ɗaya, muryoyin sai su cakuɗe, makin wannan ya tafi wa wancan.

Jinkiri kuma shi ne ya fi cin raina, don shi yake zaluntar mai waƙa. Lissafin ba wuya: in ana ɗaukar samfurin sauti 48000 cikin daƙiƙa, bafa (inda sauti ke taruwa kafin a sarrafa shi) mai samfuri 256 kusan milisakan 5 ne, mai 1024 kuwa ya haura 21. Ƙarami yana rage jinkiri amma raunanan inji sai sauti ya riƙa kakkaryewa. Babba yana da santsi amma murya tana makara. Ka ƙara sifikar Bluetooth a kai, wadda jinkirinta kan wuce milisakan 100, sai yarinya ta rera daidai da abin da kunnenta ya ji, wasan ya ce ta kauce. Na ga ƙanwar yaron nan ta ajiye makirfo ranta a ɓace saboda haka, kuma muryarta ta fi ta kowa a ɗakin. Muka cire Bluetooth muka sa waya, ta maimaita baitin, maki ya hau. Yanzu wannan gargaɗin ne farkon abin da ke shafin sauti.

Na ƙara har da gurnanin nan da makirfo ke kamawa in laftof tana jone da caja, musamman a kan janareto. Wutarmu 50Hz ce, in waya ba ta da at mai kyau, wato layin wuta da ake haɗawa da ƙasa, sai ka ga ma'aunin murya yana rawa alhali ba wanda ya buɗe baki. Ka zare caja, ya kwanta. Haka in sifika ta yi kusa da makirfo, wasan zai ji waƙar kansa ya ba wanda ya yi shiru maki.

To ga roƙona. Ni ba ni da Windows a hannu yanzu, kai kuwa da ita kake aiki. Zan turo maka sashen MSYS2, na harhaɗawa a Windows, da na WASAPI, tsarin sautin Windows. Don Allah ka bi shi kamar ba ka san komai ba. Inda ka tsaya kada ka gyara da iliminka ka wuce, ka rubuta mini layin da saƙon da ya fito, harafi da harafi. Ka kuma gwada fayil ɗin waƙa mai ƙ da ɗ da ɓ, an adana shi a tsarin haruffa na UTF-8, ka gani ko haruffan suna fitowa ko akwatuna kake gani. Ina da niyyar yin jagorar da Hausa in masu kula da wasan sun karɓi wannan gyaran, kuma ina so yaranmu su fara sa waƙoƙin da suka rubuta da kansu.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Ka faɗa mini ko da babbar salla za mu gan ka.

Wassalam,
Naka har kullum, abokinka na Kaduna.