Wasan Farautar Fatalwa na Luigi: Wa Ya Kamata Ya Saya, Wa Ya Kamata Ya Haƙura

Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin amsa tambayar da iyaye ke yawan yi game da wasan bidiyon Luigi's Mansion 3 na kamfanin Nintendo: shin ya ci kuɗinsa, kuma ya dace a bar yara da shi? Amsata ita ce ya ci, amma da sharaɗi. Idan a gidan akwai mutum biyu da za su zauna su buga tare a gaban talabijin, babba da yaro, ko yaya da ƙane, to a saya. Idan kuwa nufin shi ne a miƙa wa yaro ɗan shekara biyar ko shida shi kaɗai don ya bar mutane su sarara, kuɗin zai tafi a banza, kukan ma ba zai ragu ba.

Wasan ya fito ranar 31 ga Oktoban 2019 a kan na'urar Nintendo Switch, kamfanin Next Level Games na birnin Vancouver a Kanada ne ya haɗa shi, kuma a shekarar ya ci kyautar gwarzon wasan iyali a bikin The Game Awards. Farashin da aka sa masa a Amurka dala 59.99 ne, kuma Nintendo ba su cika karya farashin wasanninsu ba ko sun tsufa. Labarin ba shi da tsawo: an yaudari Luigi da yayansa Mario da abokansu zuwa wani katafaren otal mai hawa 17, biyu daga ciki a ƙarƙashin ƙasa, aka kulle abokan cikin allunan hoto, aka kwance maɓallan lif ɗin aka rarraba wa manyan fatalwowi. Galibi idan ka kayar da babbar fatalwa sai ta saki maɓalli ɗaya, ka maƙala shi a lif, wani hawa ya buɗe.

Batun tsoro shi ne abin da ya fi damun iyaye, don haka a fara da shi. Hukumar tantance wasanni ta Turai ta sa masa shekara 7 zuwa sama, ta Amurka kuma ta ce kowa zai iya bugawa. Babu jini, babu gawa, babu zagi. Fatalwowin zane ne masu launin shuɗi da ja da ruwan ɗorawa, sun fi kama da 'yan iskan makaranta, suna goge haƙora, suna sa tabarau, suna yi wa Luigi gwalo. Shi kansa Luigi matsoraci ne na ƙin ƙarawa, jikinsa na ɓari yana kiran sunan yayansa, kuma wannan ne ke sa yara dariya maimakon firgita. Duk da haka akwai duhu, akwai abin da zai faɗo daga silin ba zato, akwai ɓeraye da jemagu da gizo-gizo. Mintunan farko, inda King Boo, sarkin fatalwowin, ke bin Luigi a guje cikin dogon lungu, su ne suka fi tayar da hankalin ƙaramin yaro. Babba ya buga wannan wurin da kansa. Kuma kada a rikita shi da wasanni irin su Phasmophobia, wanda shi ma farautar fatalwa ne amma an yi shi ne don tsorata manya.

Abin da ya fi duhun wahalar da yaro shi ne yawan maɓallai. Makamin Luigi injin zuƙe ƙura ne da yake goye da shi, kuma kama fatalwa ɗaya aiki ne mai matakai. Sai ka fuskance ta, ka danne maɓallin A na madannin wasan don tara hasken tocila, ka saki ya kashe mata ido, sannan ka danne ZR injin ya kama ta. Daga nan za ta ja ka a guje, kai kuma ka karkata ɗan majuyin hagu zuwa kishiyar inda ta nufa har wani da'ira ya cika, sai ka danna A ka riƙa maka ta da ƙasa. Ƙaramar fatalwa shuɗiya tana da ƙarfi 100, kowace makawa na cin 20, kuma idan ka maka ta a kan 'yan uwanta su ma sai ƙarfinsu ya ragu. Jar ƙatuwar ba ta kamuwa ta gaba, sai an haske ta an zagaya an kama wutsiyarta. Wadda ta sa tabarau kuwa haske ba ya yi mata komai sai an fara zuƙe tabaran. Yaron da bai gane wannan ba zai yi ta haskawa yana shan duka, ya ce wasan ya lalace.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne saiti. Majuyin dama ne ke juya Luigi, amma maɓallan A da X da Y, na tocila da sauran kayan aikin, su ma babban yatsan dama ke danna su, yatsa ɗaya kuwa ba ya aiki biyu. Maganin yana nan a saman madannin, mutane da yawa ba su lura ba: R na yin aikin tocila, L na harba robar da ke mannewa a jikin kaya a fizgo su, idan aka haɗa L da R kuma sai hasken da ke tono ɓoyayyun abubuwa ya fito. Wanda ya koyi wannan tun a hawa na farko ya rage wa kansa rabin ciwon kai.

Dalilin da ya sa na dage kan mutum biyu shi ne Gooigi, wani kwafin Luigi da aka yi da koren abu mai yauƙi. Ba a samun sa tun daga farko. Sai an ƙwato jakar Farfesa E. Gadd, masanin da ke taimaka wa Luigi, a hawa na biyar, wajen awa ɗaya da fara wasa, don haka a gaya wa ƙaramin ya yi haƙuri kafin nan. Da zarar ya samu, mutum na biyu zai karɓe shi ya ci gaba da labarin har ƙarshe. Gooigi na ratsa ƙarafunan shinge, ya bi ta bututu, ya taka ƙusoshi ba abin da ya same shi. Ruwa na narkar da shi, wuta ma haka, ba ya iya buɗe ƙofa, ƙarfinsa 25 ne kacal alhali na Luigi 99. Amma idan ya narke sai ya sake fitowa daga injin, wasa bai tsaya ba. Ke nan yaro na da aikin yi na gaske, akwai wuraren da sai shi zai shiga ya murɗa famfo ko ya ja igiya, kuma kuskurensa ba ya jawo a koma baya. Ban san wani tsari da ya fi wannan dacewa da babba da yaro ba.

Sai dai a duba na'urar da ke gidan kafin a biya. Switch ta asali da mai allon OLED suna zuwa da ƙananan madannai biyu da ake zarewa, masu suna Joy-Con, kowa ya riƙe ɗaya a kwance. Hakan na yiwuwa, amma kowane ɓari majuyi ɗaya gare shi, saitin sama da ƙasa sai an karkata hannu, kuma a faɗan manyan fatalwowi abin na ba da haushi. Gara babban ya samu cikakken madanni. Switch Lite kuwa ba ta haɗuwa da talabijin, madanninta ba sa zaruwa, sai an sayi wasu daban sannan mutum biyu su cunkushe a kan allo mai inci 5.5. Idan majuyin Joy-Con ya fara tafiya da kansa, matsalar da aka daɗe da sani a na'urar, a gyara tukuna, don Luigi zai riƙa kauce wa fatalwa yana haska bango. Wasan yana aiki a kan Switch 2 da ta fito a 2025.

Yana da aibobinsa, kuma bai kamata a ɓoye su ba. Babu zaɓin sauƙaƙa wasa. Jaruman ba sa cikakkiyar magana da baki, rubutu ne ke fitowa, babu Hausa a cikin harsunan, don haka wanda bai iya karanta Turanci ko Faransanci ba sai an karanta masa shawarar Farfesa. Akwai wata kyanwar fatalwa da ke sace maɓallin lif har sau biyu, ta sa ka koma hawan da ka riga ka gama kana bin sawunta, jan lokaci ne kawai. Mafi muni shi ne hawa na biyu a ƙarƙashin ƙasa, wurin tukunyar ruwa, inda Luigi ke hawa robar ninƙaya mai siffar agwagwa, ana tuƙa ta da zuƙa da hurawa, bangon kuma duk ƙusoshi. Manya ma suna yin gumi a nan. Kuɗin da ake ta zuƙowa daga labule da kujeru, wanda shi ne abin da yara suka fi so, ba shi da abin saye da yawa a shagon Farfesa. Mafi amfani shi ne ƙashin zinariya, wanda ke sa karen Luigi, wanda fatalwa ne, ya tashe shi idan ƙarfinsa ya ƙare. A sayi biyu ko uku kafin a sauka wurin agwagwar.

Abin da ke rama wannan shi ne kowane hawa da kamanninsa: na shida fada ce ta mayaƙan da, na bakwai lambu ne da ya cinye ɗakuna, na takwas wurin ɗaukar fim, na tara gidan tarihi mai ƙasusuwan dabbar da ta ƙare, na goma kuma hamada da dala irin ta Masar. Labarin na ɗaukar awa 12 zuwa 15, ga duwatsu masu daraja shida a ɓoye a kowane hawa, 102 ke nan, ga mai son bincike.

Game da saye, kaset ya fi saukewa ta intanet, don ana iya ba da aronsa ko a sayar idan an gama, saukewar kuma na cin sama da gigabait 6. Shi kansa labarin da kuma ƙananan wasannin gasa da mutum takwas za su iya yi a na'ura ɗaya ba sa buƙatar intanet. Bugawa da mutanen nesa ne kawai ke neman rajistar Nintendo Switch Online. Ƙarin kayan da ake sayarwa dala 9.99 bai ƙara ko ɗaki ɗaya a labarin ba, tufafi ne da wasannin gasa, a bar shi. A kuma karanta kwalin da kyau: Luigi's Mansion 2 HD da ya fito a 2024 sabunta wasan 2013 ne, farashinsu ɗaya, amma labarinsa mutum ɗaya ke bugawa, babu Gooigi. Mai neman abin da zai buga da ɗansa, mai lamba 3 zai ɗauka.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku