Zuwa ga Habibu, a kan maganar burki

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da maigidanka. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Innarka da sanyin nan ya sake tayarwa.

Habibu, labari ya iso mini, kuma ba zan faɗi wanda ya kawo shi ba, kada ka je ka tsare shi. An ce tun da aka danƙa maka makullin bas ɗin nan sawu biyu kake yi a rana, allura na wuce 140, har 'yan tasha sun laƙaba maka suna kana jin daɗi. Daren da na ji ban runtsa ba.

Shekara talatin na yi a ƙarƙashin mota, saboda haka ka saurara. Motar da wani injiniya Karl Benz ya ƙera, ya yi wa rajistar ƙirƙira a Jamus a watan Janairun 1886 ƙafa uku gare ta, iyakar gudunta bai fi kilomita 16 a awa ba, mai keke ma sai ya wuce ta. A Agustan 1888 matarsa Bertha ta yi sammako, ta ɗebi 'ya'yansu maza biyu ba da sanin mijin ba (wannan kada Innarka ta ji), ta kama hanya daga Mannheim zuwa Pforzheim, garin mahaifiyarta, tafiyar kilomita fiye da 100. Babu gidan mai ko ɗaya, a kantin magani na garin Wiesloch ta sayi abin da za ta zuba. Bututun mai ya toshe, ta zare tsinken hularta ta tsokale shi. Amma abin da nake so ka riƙe shi ne burki. Na katako ne, gangara ta cinye shi, sai ta tsaya wurin wani baduku ya buga masa fata kafin ta ci gaba. Motar da ba ta fi keke sauri ba fa, amma matar nan ta tsaya ta gyara burki. Kai yaushe rabonka da ka kwance taya ka duba naka da idonka?

A Landan kuwa, a 1896, mota ta kaɗe wata mata, Bridget Driscoll, ta mutu. Gudun motar wajen kilomita 6 ne a awa, saurin mai zuwa masallaci an tada iƙama.

Na san abin da za ka ce: Baba tsoro ya yi masa yawa, shi ya sa ya tsare ni shekara biyar ina wankin ƙarfe da kananzir, ya hana ni sitiyari. Eh, na hana, kuma ko gobe zan sake. Ba kai ka je ɗauko Kawunka Ilu ba, ni na je. Rayukan mutane ne a bayanka, kai kana neman kirari wurin 'yan kamasho. Wannan ba jarumta ba ce, sakarci ne, kuma ba a gidana ka koya ba.

To, na faɗi ta cikina, ka yi haƙuri da zafin. Mun ga kuɗin da ka aiko, Allah ya yi maka albarka, an saya wa Innarka magani. Ranar Juma'a ka roƙi maigidanka ya bar ka ka biyo da motar ta gareji, ni da kaina zan shiga ƙarƙashinta. Ka zo da rana, ban yarda da tafiyar dare ba. Innarka ta ce za ta ajiye maka dambu.

Mahaifinka.