Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Lafiya: a riƙa tambayar mai rage ƙiba ta yaya take ragewa

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni tela ce a unguwar Nima da ke Accra, Ghana, kuma na fi shekara 20 ina ɗinka wa mata kaya. Ban yi karatun likita ba, amma tef ɗin awon da ke rataye a wuyana ya nuna mini wata cuta ta gudun abinci da ake yi wa barka maimakon a yi mata magani, kuma a kanta nake neman kunnenka.

Bara wata yarinya cikin masu koyon ɗinki a shagona, 'yar shekara 19, ta je wani ƙaramin asibiti saboda ciwon kai. Aka ɗora ta a sikeli, ma'aikaciyar ta dube ta a gaban jama'a ta ce ta rage wannan jikin tun kafin hawan jini ya kama ta, ba tare da ta gaya mata yadda za ta yi ba. Cikin wata huɗu sau uku ina rage mata ƙugun siket, masu zuwa karɓar ɗinki kuwa sai yabo suke yi suna tambayarta abin da take sha. Ta fara da azumin Litinin da Alhamis, daga baya ya zama kusan kullum, kuma babu wanda ya iya cewa uffan, domin wa zai hana yarinya ibada? Idan muka sayo waakye, wato shinkafa da wake, da rana sai ta ce ta ci a gida, a gida kuma ta ce ta ci a shago. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a gindin keken ɗinki, mahaifiyarta ta fara kai ta ruƙiyya, kuma ban ga laifinta ba, tunda ba a taɓa gaya mata cewa akwai ciwo mai wannan kama ba.

Ciwon yana da suna. Likitoci na kiran ƙaurace wa abinci saboda tsananin tsoron ƙiba anoreksiya, kuma tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi yin kisa. Akwai bulimiya, inda mutum zai ci har ya rasa yadda zai tsaya, sannan ya ƙaƙaro amai ko ya sha maganin zawo, abin da ke cinye haƙora, ya kuma zubar da sinadarin fotasiyam har bugun zuciya ya rikice. Mai irin wannan sau da yawa jikinsa bai nuna rama ba, don haka ido ba ya kama shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 14 ne ke fama da waɗannan cututtuka na cin abinci, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa.

Ba musun illar ƙiba nake yi ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2022 ya nuna kusan rabin matan Ghana masu shekara 20 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kuma a unguwanninmu na zango babu layin da ba za ka sami mai ciwon suga ko hawan jini ba. Sai dai idan ana cewa dubban mata su rage nauyi, to wajibi ne mai faɗar hakan ya san cewa a cikinsu akwai wadda za ta bi ta yunwa da amai. Roƙona na farko ke nan, ranka ya daɗe: a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa tambaya, a keɓe kuma cikin mutunci, ko mutum yana tsallake abinci, ko yana jawo amai, ko tunanin nauyinsa yana hana shi barci. Tambayar ba ta cin minti biyu.

Na san an yi ƙoƙari. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta kafa hukuma ta musamman, kuma a ƙarshen 2024 an shigar da cututtukan ƙwaƙwalwa huɗu cikin inshorar lafiya ta ƙasa, har da ciwon damuwa da na fargaba, amma babu cututtukan cin abinci a cikinsu. Alhali maganinsu doguwar tafiya ce da ke buƙatar masanin halayyar ɗan Adam da masanin abinci wata da watanni, kuma mai sayar da koko da ƙosai ba za ta iya biya daga aljihunta ba. Ga kuma kunya: uwar da 'yarta ke jiran aure ba za ta so a ga ƙafarta a asibitin ƙwaƙwalwa na Pantang ko na Accra ba, saboda bakin mutane. Idan kulawar ba ta sauko asibitin unguwa ba, yaranmu ba za su same ta ba.

Sai shayin rage tumbi, wanda na tarar da ƙunshinsa a jakar yarinyar. Sau da yawa filasko ne ko danginsa, ruwan jiki kawai yake zubarwa, kuma a ƙasashe da dama an kama irinsa da sibutaramin, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki. Doka ta ce talla irin wannan sai da amincewar Hukumar Abinci da Magunguna, amma kasuwar yanzu ta koma TikTok da WhatsApp, kuma can ya kamata idon hukumar ya bi ta. Wayar da kan kuma a yi ta da Hausa, a gayyato limamai da malaman makaranta, domin su ne za a saurara idan suka bambance azumin ibada da yunwar cuta.

Yarinyar ta dawo bakin aiki, muna haɗa kuɗin ganin likitarta ni da mahaifiyarta duk wata. Har yanzu ƙosai ɗaya sai ta gutsura shi gida huɗu kafin ta kai baki, kuma idan zan auna ta nakan juya tef ɗin don kada ta ga lambar.

Wassalam,
Wata tela daga Nima, Accra