Nina Simone da cinikin dala 3,000: a ja kunnen mawaƙanmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini. Shafinku na nishaɗi yakan kawo mana wanda ya fito da sabuwar waƙa da wanda ya sayi mota, amma ba na ganin ana taɓo takardun da yaran nan ke sa wa hannu a situdiyo. Ni tsohon ma'aikacin ɗakin ajiye faya-fayai ne a wani gidan rediyo, kuma duk lokacin da maganar nan ta taso, mawaƙiyar Amurka Nina Simone nake tunawa.

Sunanta na yanka Eunice Waymon, an haife ta a 1933 a Tryon, wani ɗan gari a jihar North Carolina ta Amurka. Mahaifiyarta mai wa'azi ce a cocin Methodist, kuma a can yarinyar ta fara kaɗa fiyano tun tana 'yar ƙanƙanuwa. Mutanen garin har asusu suka buɗe don biyan kuɗin karatunta. Ranar da ta yi wasanta na farko a gaban jama'a, aka tashi iyayenta daga layin gaba don a zaunar da fararen fata. Yarinyar ta naɗe hannu, ta ce ba za ta taɓa fiyanon ba sai an mayar da su kujerunsu. Aka kuwa mayar da su.

Burinta kiɗan gargajiyar Turai ne, irin na su Bach. Ta nemi shiga makarantar kiɗa ta Curtis a Philadelphia, ba a ɗauke ta ba, kuma har ta koma ga Mahaliccinta tana ganin launin fatarta ne ya hana. Neman abin sakawa a bakin salati ya kai ta wata mashaya a Atlantic City a 1954. Mai wurin ya ce ko ta haɗa da waƙa ko ta nemi wani aikin. Nan ta sauya suna don kada mahaifiyarta ta ji inda take kwana tana kiɗa. Wanda ya saurari faifanta na farko da kunnen basira zai ji wannan tarihin: ana cikin jaz, sai hannayenta biyu su rabu, kowane ya kama tasa hanyar kamar yadda aka koya mata, sannan su dawo su haɗu. Na sha mayar da allurar garmaho baya don in sake jin wurin.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wannan faifan, Little Girl Blue, ta naɗe shi a ƙarshen 1957 wa kamfanin Bethlehem, ta sayar da haƙƙinta a kansa kan dala 3,000. Ga mai kiɗa a mashaya kuɗi ne masu kauri, ban kuma ga laifinta ba. Sai dai a 1959 waƙa ɗaya daga ciki ta shiga sahun 20 na farko a Amurka. Da ta koma wani kamfani, na farkon ya tattara ragowar abin da ta naɗa ya sake fitar da wani faifan. Shekara 30 bayan naɗin, a 1987, aka sa wata waƙar faifan, My Baby Just Cares for Me, a tallar turaren Chanel No. 5, ta kai lamba 5 a Ingila. Waƙar ba ita ta rubuta ba, don haka muryarta da kiɗanta kaɗai ne rabonta, su ne kuma ta riga ta sayar.

Wannan fa mace ce da ba ta tsoron kowa. Bayan kisan ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata Medgar Evers da bam ɗin da ya kashe 'yan mata huɗu a wani coci a Birmingham ta jihar Alabama a 1963, ta rubuta waƙar da wasu gidajen rediyo a jihohin kudancin ƙasar Amurka suka ƙi sakawa. Ta zo Legas a 1961, ta zauna a Laberiya daga 1974 bisa gayyatar mawaƙiyar Afirka ta Kudu Miriam Makeba, ta rasu a Faransa a 2003. Duk wannan jarumtar ba ta warware sa hannu ɗaya da ta yi tana da shekara 24 ba.

Kwanan baya ɗan ƙanwata ya zo min yana murna, wai wani mai situdiyo ya sayi waƙoƙinsa. Na ce, "Ina takardar?" Ya ce, "Kawu, ai mutumin kirki ne." Ko kwafi ba a ba shi ba, bai kuma san haƙƙin rubuta waƙa daban yake da haƙƙin muryar da aka naɗa ba.

Najeriya na da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, ga kuma hukumar da ke kula da ita. Ina roƙon ku gayyato lauya ya fayyace dokar da Hausa a shafin nishaɗi, ko da sau ɗaya a wata, ya nuna wa yaran abin da za su duba kafin su karɓi kuɗi.

Na gode.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin rediyo, daga Zariya