Zuwa ga abokina, kan modem da layin T1

Assalamu alaikum,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma ga inda ka ce abin da ya sa modem ɗin da ake jonawa da wayar girke don shiga intanet yake tafiyar hawainiya shi ne siririyar wayar jan ƙarfe, su kuwa manyan layukan ɗaukar bayanai irin T1 wai wata waya ce daban mai kauri. A nan kam ban yarda da kai ba, kuma ka san halina, irin wannan ba ta wuce ni.

T1 ɗin nan, tun da kamfanin Bell na Amurka ya fara aiki da shi a 1962, a kan jan ƙarfe yake tafiya, irin na tarho sak. Silin waya huɗu ne, biyu na kaiwa, biyu na kawowa, sai na'urar farfaɗo da sigina da ake dasawa kusan kowace kilomita 1.8. Duk da haka yana kwasar megabit 1.544, wato kilobit 1,544, a sakan ɗaya (bit shi ne ma'aunin bayanai mafi ƙanƙanta, kilobit kuma bit dubu ne). Modem mafi sauri da aka yi wa layin kira kuwa, na tsarin V.90 da aka amince da shi a 1998, a kilobit 56 ya tsaya. Ninki 27 ke nan har da ɗoriya.

To ina aka samu wannan tazara? Ai layin tarho don muryar mutum aka gina shi, sautin da ke tsakanin Hz 300 da 3,400 (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne) kawai yake bari ya wuce. Dole modem ya mayar da bayanan kwamfuta sauti kafin su shiga. Ka tuna wannan ƙarar mai kama da fito da gurnani da yake yi in ya buga lamba? Modem biyu ne ke gwada layin, suna daidaita saurin da za su iya. In sautin ya isa cibiyar kamfanin waya, sai a riƙa auna shi sau 8,000 a sakan, kowane awo bit 8. Lissafa ka gani: kilobit 64. Rabon kowane kira ke nan, ba a ƙara masa ko kaɗan. Shi kuma T1 irin wannan rabon guda 24 ne aka ɗaure wuri ɗaya, da ƙarin kilobit 8 na tsara su. Wato mai modem ɗaki ɗaya ya kama haya a gida mai ɗaki 24, mai T1 kuwa gidan ya kama gaba ɗaya.

Ko ɗakin ma ba ya samunsa cikakke. Bit ɗaya cikin takwas ɗin nan ba a iya dogara da shi, shi ya sa aka koma 56. A Amurka ƙa'idar ƙarfin sigina ta sake rage shi zuwa wajen 53, in layi na da ƙugi kuma sai ya ƙara sauka. Wannan duk na saukewa ne fa. Turawa kilobit 33.6 ce iyakarta a V.90, alhali T1 yadda yake kawowa haka yake kaiwa, dare da rana a haɗe, ba buga lamba, ba wanda zai ɗaga kan tarho a ɗaki ya katse maka aiki.

Ɗauki hoto ɗaya na wayar hannunka, mai megabait 3, wato megabit 24, tunda bait ɗaya bit 8 ne. Da modem, ko layi ya yi kyau ƙwarai, za ka zauna minti 7 kana kallon sa yana fitowa kaɗan-kaɗan daga sama, goshi tukuna, sannan idanu. T1 zai kawo shi a sakan 16. Faifan CD mai megabait 700 kuwa awa 28 zai ci a modem, in har kiran bai yanke ba, T1 awa ɗaya, T3 mai megabit 44.736, wanda T1 guda 28 ne a haɗe, minti 2 da 'yan sakanni. Turai da yawancin ƙasashen duniya layin E1 suka bi a maimakon T1, mai gurbi 32 da megabit 2.048, amma dabarar ɗaya ce.

Wani abin da ke ba ni dariya: a 1986, babban layin NSFNET da ya haɗa cibiyoyin manyan kwamfutoci na Amurka kilobit 56 ne kacal. Sai a 1988 ya koma T1, a 1991 T3.

In har yanzu kana kan bakanka, dubi ADSL, tsarin intanet mai sauri da ya biyo bayan modem ɗin kira. Wayar girken nan dai ce, ba a canza ta ba, sai aka tura bayanai ta zangon sautin da ke sama da na murya, aka kuma raba su da hanyar kira tun a cibiya. Nan take wayar da ka raina ta ba da har megabit 8, ta zarce T1 ɗin kansa wajen saukewa.

Ina jiran amsarka, don na san ba za ka rasa ta cewa ba. Ka gaida mini mai ɗakinka da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Abokinka