Wasiƙar Zango Na Biyu: Yaro Ya Shigo Aji Da Harshen Gidansu

Iyayenmu da masu riƙon yara, gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri.

Da muka zauna duba sakamakon zangon da ya wuce, abu ɗaya ya tsaya mana a rai. Yaran Gbagyi, waɗanda a ƙasar kakanninsu aka gina wannan makaranta, da yaran rugagen da ke bayanmu, su ne suka fi yawa a ƙasan jeri. Ba mu yarda cewa ƙwaƙwalwa ce ba su da ita ba. Akwai wani yaro a aji huɗu da bai taɓa ɗaga hannu ba tun farkon shekara. Ranar da malamarsu ta kawo lissafi da kuɗin nono da man shanu, kafin ta ajiye alli ya faɗi amsa. Ashe shi ke ƙirga wa mahaifiyarsa ciniki ranar kasuwa.

Wannan ya sa muka waiwayi abin da ya faru a ƙasar Niyu Zilan. Can ma 'ya'yan Maori, 'yan asalin ƙasar, sun daɗe a baya, har an yi zamanin da ake dukansu in sun yi harshensu a makaranta. A 2001 Farfesa Russell Bishop na Jami'ar Waikato da Mere Berryman suka fara wani shiri mai suna Te Kotahitanga. Kafin su gyara komai, sai suka zauna da ɗaliban 'yan shekara 13 zuwa 14, suka ce su faɗi damuwarsu. Yawancin malamai laifin gida da talauci suka gani. Yaran kuwa zamansu da malami a cikin aji suka fi kuka da shi: ba a iya faɗin sunansu daidai, kuma tun kafin su buɗe baki an yanke musu hukuncin ba za su iya ba. Da wannan aka sake horar da malamai. Gaskiya maganar sunan nan ta taɓa ni, domin na buɗe rajistarmu na ga sunayen Gbagyi da muka lanƙwasa yadda bakinmu ya so.

Saboda haka daga wannan zango mun soke tarar da ake cin yaro don ya yi yarensu a harabar makaranta. Turanci na nan daram a darasinsa, kada hankalinku ya tashi, amma malami zai bar yaro ya fara bayani da Gbagyi ko Fulatanci ko Hausa, sannan a taimaka masa ya maida shi. A darasin tarihi za mu ɗaga takardar naira 20 mu nuna musu Ladi Kwali, Bagbagyiya mai ginin tukwane, wadda hannunta ya kai sunan Najeriya ƙasashen waje.

Muna roƙon kakanni musamman. Duk wadda ta iya ginin tukunya, ko dattijon da ya san lokacin binne doya da sunayen itatuwan dajin nan, ya ba mu awa ɗaya ranar Alhamis. Ba sai ya iya karatu ba.

Taron iyaye da malamai zai kasance Asabar ta biyu bayan dawowa hutu, da ƙarfe 10 na safe. Ku zo da sunan ɗanku yadda kuke kiransa a gida, mu gyara rajista tare.

Taku,
Shugabar Makaranta